Sifirin da tafet: Ƙananan ƙarafan da ke yanke hukuncin ko mota za ta kai Zurmi

A kan hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta ratsa Dauran zuwa Zurmi, da 'yar'uwarta da ta nufi Shinkafi, babu direban da ke son jin injinsa ya fara tari. Shekaru ke nan 'yan bindiga na tare waɗannan hanyoyi suna kwashe matafiya, har ta kai tsayuwar minti goma a gefen daji kan iya zama silar rasa dukiya, ko ma rai. Wannan ya sa tuƙi a yankin ya ɗauki wani salo nasa: lodi ya wuce kima domin sawu ɗaya ya biya kuɗin mai, ƙafa kuma ba ta sauka daga totur sai an hango gari.

Injin da ake yi wa irin wannan aiki, cikin ƙurar hunturu da zafin bazara da kan haura digiri 40, yakan fara gazawa ne daga wuraren da mai mota bai taɓa gani da idonsa ba. Biyu daga ciki su ne sifirin ɗin bawul da kuma tafet. A ƙasashen da ake tseren motoci, zaɓensu hira ce ta masu neman ƙarin gudu. A arewacin Zamfara kuwa, tambayar ita ce wane irin inji ne zai jure baƙin man da ake samu, da makanikan da ake da su, da hanyar da ba ta yafe tsayawa.

Abin da ke faruwa a kan inji

Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu: bawul ɗin da ke shigar da iska, da wanda ke fitar da hayaƙi. Sandar kam, wadda ke juyawa sau ɗaya duk lokacin da inji ya juya sau biyu, ita ke danna bawul ya buɗe. Sifirin ne ke mayar da shi ya rufe. Tafet kuma shi ne ɗan aiken da ke tsakanin kam da bawul, yana karɓar dannar yana miƙa ta.

Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa guda. A juyi 6,000, sau 50 ke nan. Matuƙar sifirin ya gaji, bawul ba ya iya bin kam sau da ƙafa. Sai ya makara wajen rufewa, ko ya daki mazauninsa ya yi tsalle. Alamar farko ita ce mota ta ƙi ƙara gudu ko da an take totur har ƙasa. Ta ƙarshe, a injuna da yawa, musamman na dizal inda babu sarari tsakanin fistin da bawul, ita ce fistin ya ci karo da bawul ya lanƙwasa shi. Daga nan sai janwe.

Turbo yana ƙara wa sifirin nauyi. Aikinsa shi ne ya yi amfani da ƙarfin hayaƙi ya juya wata fanka da ke cusa iska cikin inji fiye da yadda injin zai zuƙa da kansa. Wannan matsin yana tsaye a bayan bawul, yana tura shi ta ɓangaren buɗewa. Lissafin ba shi da wuya. Bawul mai faɗin milimita 35 yana da fuska kusan santimita murabba'i 10. Matsin iska na bar 1 a kan wannan fuska ya yi daidai da nauyin kilo 10. Idan aka ƙaddara sifirin na riƙe bawul da ƙarfin kilo 30, to kashi ɗaya cikin uku na iya tafiya wajen kokawa da iska. Gaskiya ne matsin cikin silinda yana rage wannan a mafi yawan lokaci, amma ɓangaren hayaƙi ya fi shan wuya, domin matsin da ke taruwa kafin turbo kan zarce na iskar shiga, ballantana idan salansa ta toshe.

Daga nan ne kuskure ke shigowa. Wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka maganin shi ne a sa sifirin mafi tauri da za a samu, ko a cusa wasa a ƙarƙashin tsohon domin ya ƙara ƙarfi. Sifirin da ya fi ƙarfin aikinsa yana cinye bakin kam, yana ƙara wa bel ɗin taimin wahala, yana kuma matse tafet. Wasa kuwa tana rage sararin da sifirin ke da shi kafin zobbansa su haɗe; ranar da suka haɗe, wani abu zai karye. Injin da ya fito daga kamfani da turbo an riga an auna masa sifirin da ya dace da matsinsa. Buƙatar canji tana tasowa ne idan an ƙara matsin turbo, ko an sauya kam, ko kuma zafi da shekaru sun sa sifirin ya gajarce. Na ƙarshen nan ya fi yawa a motocin Kwatano, kuma gano shi bai wuce a jera sifirin a kan tebur a auna tsawonsu da abin da littafin injin ya ce ba. Kan injin da aka sayo na hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya cancanci wannan awo kafin a ɗaura shi.

Na mai da na saiti

Tafet iri biyu ne. Akwai sandararre, ƙarfe zalla, wanda dole a bar masa 'yar tazara tsakaninsa da bawul domin ƙarfe na miƙewa idan ya yi zafi. Tazarar ba ta kai rabin milimita ba, kuma sai makanike ya auna ta da siraran ƙarafan awo lokaci zuwa lokaci. Duk mai babur ɗin Boxer ko Keke Napep ya san shi, ko da bai san sunansa ba: shi ne saitin da ake yi idan kan injin ya fara ƙaf-ƙaf. Manyan motocin Kanta da ke jigilar hatsi da dabbobi ma galibi irinsa ne da su, haka injin dizal na 1HZ da ke cikin Land Cruiser tun 1990.

Ɗaya kuma yana aiki da baƙin mai. A cikinsa akwai ƙaramin fistin da 'yar ƙofa. Mai na shiga ya cike tazarar, don haka yana saita kansa da kansa, ba ƙara, ba zuwa gareji. Shi ne a cikin Golf 3, motar da Volkswagen ta fara ƙerawa a 1991, wadda har yau ita ce jakar haya a tashoshin Arewa. Shi ne kuma a Sharan, da ake kira Sharon, ko mai injin dizal 1.9 TDI ko mai fetur 1.8T, dukansu masu turbo.

A takarda, na mai ya fi sauƙi. Sai dai sauƙin nasa bashi ne da ake biya da tsabtar baƙin mai. Ramukan da mai ke bi cikinsa ƙanana ne ƙwarai. Datti kaɗan ya isa ya toshe su. Idan ya rasa mai sai ya lotsa, bawul ya kasa buɗewa sosai, mota ta yi sanyi. Idan kuma sifirin ya yi rauni har bawul ya yi tsalle a babban gudu, tafet ɗin kan ɗauka tazara ce ta samu, ya cika da mai fiye da kima, ya hana bawul rufewa. Wato a nan raunin sifirin da halin tafet suna haɗa kai. Turbo kuma da wannan man yake sha, yana juyi sama da 100,000 a minti cikin zafin hayaƙi, yana dafa shi. Ko a Amurka, inda man kirki ba ya wuya, sai da Volkswagen ta tsawaita garantin wasu motoci masu injin 1.8T a 2004 saboda daskarewar mai a cikinsu.

Na saiti ya fi haƙuri da mummunan mai, ya fi kuma jure babban juyi, shi ya sa masu tsere ke son sa. Amma yana da wani makirci da ya kamata kowane direba ya sani. Yayin da mazaunin bawul ke cinyewa, bawul na nutsewa ciki, tazarar na raguwa, injin kuma na ƙara yin shiru. Mai mota sai ya yi murna. Alhali kusan kashi uku cikin huɗu na zafin bawul ɗin hayaƙi ta wurin zamansa a kan mazauni yake fita. Ranar da tazara ta ƙare, bawul ba ya zama daidai, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙone shi. A wannan nau'in, 'yar ƙara kaɗan ta fi shirun da ya wuce kima alheri.

Saboda haka zaɓin ya danganta ne da sakacin da mutum ya fi iya kauce wa. Wanda ke da tabbacin baƙin mai na gaskiya, yana kuma juye shi a kan lokaci, tafet na mai zai hutar da shi. Wanda motarsa ke kwana a ƙauyuka, yana sayen mai a galan da ba a san asalinsa ba, amma yana da makanike mai awo, na saiti ya fi masa rufin asiri. Mayar da inji daga wannan nau'i zuwa wancan ba aikin gefen titi ba ne, domin kowanne da irin yankan kam ɗinsa.

Inda siyasa ta shigo

Ba direba kaɗai ke yanke wannan hukunci ba. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a Oktoban 2024. Direban da kuɗin mai ya cinye ribarsa, abin da ya fara jinkirtawa shi ne juyen baƙin mai, domin shi ne kashe kuɗin da ba ya nuna illarsa a ranar. Kafin nan ma Najeriya ta daɗe tana halatta dizal mai sinadarin sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, lokacin da Turai ta tsaya a 10 tun 2009. An yi alkawarin saukowa zuwa 50 a 2017, aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Sulfa na sa baƙin mai ya yi tsami da wuri, kuma turbo da tafet na mai su ne kan fara ɗanɗana kuɗarsu.

Sai batun iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023 da burin sauya motoci miliyan ɗaya kafin ƙarshen 2027. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614 ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano ne, bai ratsa Zamfara ba, amma mota ba ta da iyaka. Wadda aka sauya a Kano yau, gobe tana iya yin lodi a Ƙaura. Gas busasshen makamashi ne. Ba ya jiƙa bawul ko ya sanyaya shi kamar fetur, don haka a injin da ba a ƙera mazaunin bawul ɗinsa domin gas ba, cinyewar kan yi sauri. Mai tafet na saiti zai buƙaci awo akai-akai fiye da da. Mai na mai kuwa ba zai ji komai ba, domin tafet ɗin zai yi ta rufa wa matsalar asiri har iyakar tafiyarsa ta ƙare, sannan bawul ya ƙone ba sallama. Muhawarar CNG ta fi karkata ga farashi da tsoron fashewar tukunya. Wannan ɓangaren, wanda shi ne zai taɓa aljihun direba bayan shekara ɗaya ko biyu, ba a cika jin sa ba.

Haka abin yake ga motocin sintiri. Duk gwamnatin da ta zo takan jera sababbin Hilux a gaban kyamara, kuma rundunar Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024 ita ma da motoci take aiki. Sunan Hilux ɗaya ne, amma cikinsu ya bambanta. Mai fetur 2.7 ba ta da turbo. Tsohuwar dizal 2.5 tana da turbo da tafet na saiti. Injunan dizal 2.4 da 2.8 da Toyota ta fito da su a 2015 suna da turbo da masu saita kansu da mai, kuma suna buƙatar baƙin mai na musamman da tsabtataccen dizal. Motar da za ta yi wata tana sintiri tsakanin Zurmi da Shinkafi, nesa da garejin dillali, bambancin nan ne zai nuna ko za ta shekara biyar tana aiki ko za ta koma kan duwatsu a harabar bariki.

Ƙauran Namoda na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, don haka masu ilimin da za su iya duba takardar sayen mota su faɗi ko injin ya dace da yankin ba su yi nisa ba. Abubuwan dubawa a takardar sanannu ne: lambar injin, irin baƙin man da kamfani ya gindaya, kuɗin da aka ware wa gyara a kasafin shekarar da ta biyo, da wanda aka ba kwangilar yin sa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu a rubuce, ta kuma ba hukumar da aka tambaya kwana 7 ta amsa.