Ɗaukar Hoton Ƙananan Abubuwa Daga Kusa: Kayan Aikin Mai Nazari



Wataƙila wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da kyamara. Dalilin kuwa bai wuce ɗigo ba. A rubutun Magaribi, wanda da shi magabatanmu suka rubuta Ajami, harafin fa ɗigonsa ɗaya yana ƙasa, harafin ƙaf kuwa nasa ɗaya yana sama. In hoto ya dushe har ɗigon ya ɓace, to, karatu ya ɓaci. Na taɓa aiken wani ɗalibina ƙauye ya ɗauko hoton wata tsohuwar waƙa, ya komo da hotuna dishi-dishi. Kafin mu sake zuwa, gara ta riga mu.

Abin da za a fara dubawa shi ne idon kyamara, wato gilashin da ke gabanta. Ido na yau da kullum ba ya fayyace abin da ya matso shi ainun. Wanda aka ƙera don wannan aiki shi ake kira makro, kuma nagarinsa yakan ba da girman 1:1. Ma'ana, zobe mai faɗin milimita 20 zai sauka a kan faifan da ke karɓar hoto cikin kyamarar da faɗin milimita 20 cif. Don shafin takarda, makro na milimita 50 ko 60 ya wadatar. Don zobe ko ɗinkin hula kuwa, na 90 zuwa 105 ya fi, domin yana barin tazara yadda inuwar mai ɗauka ba za ta rufe abin ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sayen zobban ƙarin tsawo ya sa tsakanin kyamara da idonta.

Sai dai kusanci yana da farashi biyu. Na farko, a girman 1:1, in an saita ƙofar haske a f/8, kaurin abin da zai fito tangaran bai wuce kimanin milimita 1 ba. Ana tsuke ƙofar don a ƙara shi, amma in an zarce f/16 sai hoton ya fara dushewa gaba ɗaya. Na biyu, ana bukatar haske ninki huɗu na wanda aka saba. Saboda haka mariƙi mai ƙafa uku wajibi ne, gama numfashin mutum kaɗai ya isa ya ɓata aiki.

Shi kansa haske, inda ya fito shi ne magana. In ya zo ta gefe yana shafar fuskar abu, sai zanen ƙwarya ko na hatimi ya tashi. In an haska takarda ta baya, sai tambarin masana'anta ya bayyana, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya da aka yi rubutu a kansu da yawa a ƙasar nan cikin ƙarni na 19. Wannan yana taimakon mai nazari wajen kintatar asalin takardar.

Wayoyin hannu da dama yanzu suna ɗaukar hoto daga kusa, kuma ba abin rainawa ba ne, muddin an kafe wayar, an nemi hasken inuwa, an kuma ajiye rula a gefen abin don a san girmansa. Kafin ku bar wurin, ku faɗaɗa hoton ku tabbata kowane ɗigo ya fito.