"Ai ƙwallo ya taɓa!": yaushe takil ke zama laifi?

Yau magana ce ta unguwarmu, Badarawa.

Satin da ya wuce na tsaya kallon wasan 'yan sakandare a wani fili nan bayan layinmu. Ɗan gaba ya ja ƙwallo zai shiga, sai wani mai tsaron baya ya zamo da ƙafa biyu ya kwashe shi. Ƙarar da ƙwaurin yaron ya yi, wallahi har inda nake na ji ta. Aka ɗauke shi a Keke Napep. Kafin keken ya bar filin an fara musu, rabin mutane na cewa babu laifi, ai ƙwallo ya fara taɓawa. Yaron nan fa SS3 yake, jarrabawa na gabansa, yanzu yana kwance.

To bari mu warware wannan magana. Dokokin ƙwallo guda 17 ne, hukumar IFAB ce ke tsara su, kuma da su ake wasa daga Firimiya har filin makarantarku. Doka ta 12 ce ke magana kan keta. Ba ta ce wanda ya fara taɓa ƙwallo ya tsira ba. Abin da alƙalin wasa ke dubawa shi ne yadda ka shiga. In ka shiga da sakaci, bugun tazara ne kawai. In ka shiga da ganganci, ba ruwanka da abin da zai sami ɗan'uwanka, ga bugun tazara ga katin gargaɗi. In kuwa ƙarfin ya wuce kima har ka jefa lafiyarsa cikin haɗari, jan kati ne kai tsaye, ko ka taɓa ƙwallon ko ba ka taɓa ba.

Wani zai ce, "Amma Malam, ta gaba ya zo masa, ba ta baya ba." Wannan tsohon karatu ne. A 1998, gab da Gasar Kofin Duniya ta Faransa, aka tsananta hukunci kan takil ta baya. A 2005 aka cire maganar "ta baya" ɗin. Yanzu ko ta gaba, ko ta gefe, ko ta baya, da ƙafa ɗaya ko biyu, in dai akwai haɗari hukuncin ɗaya ne. 'Yan Arsenal ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Sun tuna Eduardo a gidan Birmingham a Fabrairun 2008, sun tuna Aaron Ramsey a gidan Stoke a 2010. Duka biyun ƙafa ta karye, duka biyun an ba da jan kati.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai, har a wasan da aka gina shi kan ture-ture akwai irin wannan iyaka. Ina nufin ƙwallon Amurka, wadda suke sa hular kwano suna rungumar ƙwallo mai kama da ƙwai. A can tare abokin hamayya da jiki halal ne, aikin wasu 'yan wasan ke nan ma. Amma a makarantun sakandare, dokar hukumar NFHS, wadda yawancin jihohinsu ke bi, ta hana ka tare mutum daga ƙugu zuwa ƙasa. Wanda ke riƙe da ƙwallo, shi kana iya kama ƙafarsa ka kayar. Wanda ba ya riƙe da ita, ka faɗa masa a gwiwa, za a mayar da ƙungiyarku baya yadi 15, kusan mita 14 ke nan.

Sun bar 'yar kafa guda ɗaya. Akwai wani ɗan akwati a inda ake fara wasa, yadi 4 ta kowane gefen ƙwallo, yadi 3 gaba da baya. A cikinsa an yarda, amma sai ku biyun kuna kan layi lokacin da aka saki ƙwallon, kuma tun 2021 sai ya zama shi ne motsinka na farko, nan take. Ka ga hikimar? A nan kuna fuska da fuska, babu wanda ya taho a guje, kowa na ganin ɗan'uwansa. Haɗarin yana wurin wanda ya kwaso gudu ya sami gwiwar da ta kafe a ƙasa. Gwiwa gaba da baya take lanƙwasawa, ba a yi ta don ta karɓi duka ta gefe ba. Jijiyar cikinta in ta tsinke, sai tiyata da watanni ana jinya.

Mu dawo namu. Shin an yarda ka tare mutum da jiki a ƙwallon ƙafa? E, amma da sharaɗi. In ƙwallon na kusa da kai yadda za ka iya taɓa ta, kana iya sa jikinka tsakaninta da abokin hamayya, muddin ba ka riƙe shi ko ka ture shi da hannu ba. In ƙwallon ta yi nisa ka shiga gabansa don kawai ka tare hanya, laifi ne. Ba ku haɗu ba, bugun tazara ne wanda sai wani ya taɓa kafin ta shiga raga. Kun haɗu, na kai tsaye ne.

Ni ra'ayina, laifin bai tsaya kan yaron da ya yi takil ɗin ba. Mu 'yan kallo mu ke masa kirari in ya kwashe mutum. Filayenmu tsakuwa ce, yara da yawa ba su da abin kare ƙwauri alhali Doka ta 4 ta wajabta shi, alƙalin kuma sau tari wani yayansu ne a unguwa da ba shi da ko kati a aljihu. A ranar ma bugun jifa aka bayar, aka ci gaba da wasa.

Jiya na leƙa gidan su yaron. An ɗaure ƙafar, mahaifiyarsa ta ce ko ya warke ya gama bal. Shi kuma tambayar da ya fara yi min ita ce nawa aka tashi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.