Neman Taimako da Waya Ko Babu Data

'Yan'uwana mata, ranar rabon kuɗi kowa a gari ya san akwatinmu ya cika. Ma'aji da masu riƙe makulli su ne abin damuwata, sai kuma wadda za ta kai kuɗin ƙungiya banki ko ta dawo daga cin kasuwa bayan magariba. Shi ya sa nake so kowace ta san abin da wayarta za ta iya yi mata ko da ba ta sa data ba.

Da farko mu raba abu biyu: rashin data daban, rashin sabis daban. Kira da saƙon tes ba sa buƙatar intanet, amma dole sai da sabis. Idan kin shiga inda sabis ya ɗauke gaba ɗaya, babu manhajar da za ta fitar miki da saƙo. Abin da ke gano inda kike tsaye kuwa, wato GPS, daga tauraron ɗan adam yake karɓar bayani, ba ya cin data.

A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, kyauta ce, tana shiga ko babu kati. Manyan wayoyi masu Android 12, wanda ya fito a 2021, da na bayansa suna da wani tsari mai suna Emergency SOS. Idan an kunna shi, sai ki danna maɓallin kunna waya sau 5 da sauri, wayar ta yi kiran da kanta. Wasu wayoyin, irin Samsung, har tes suke tura wa mutanen da kika zaɓa, da alamar inda kike. Sai dai tes yana cin kati, don haka kada ki bari Naira 100 ta gagara a wayar. Wanda zai karɓa kuma shi ne ke buƙatar data kafin ya buɗe taswirar.

Ni dai a ganina wannan tsarin da ya zo da wayar ya fi manhajojin da ake saukewa, don da yawansu da zarar data ta ƙare sun zama hoto.

Mai ƙaramar waya ma ba a bar ta a baya ba. A sa mata lambar maigida ko ta wani ɗan'uwa a kan maɓalli na 2, in ta danne shi ta riƙe, kira ya tafi. Ko ba ta iya karatu ba za ta iya wannan.

Ku zaɓi wanda yake ɗaukar waya kuma yana da babur, ba wanda kuke jin nauyinsa kawai ba. A gaya masa tun wuri cewa in ya ga saƙon ko ya ji kira babu magana, ya taso da mutane, don a ƙauye maƙwabci kan riga jami'an tsaro isowa. A taro mai zuwa kowace ta zo da wayarta da caji, mu saita tare mu gwada da lambobin junanmu. Ban da 112 a gwaji, kuma a kula da yara masu latse-latse.