Yadda taimakon kai da kai ya farfaɗo da unguwannin New Orleans bayan guguwar Katrina

A ranar 29 ga watan Agustan 2005 ne mahaukaciyar guguwar nan ta Katrina ta afka wa gaɓar tekun kudancin Amurka. Shingayen da ke kare birnin New Orleans na jihar Louisiana sun ɓalle, ruwa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin ɗari na birnin.

An daɗe ana cewa mutane fiye da 1,800 ne suka rasa rayukansu, amma a 2023 hukumomin Amurka sun mayar da adadin 1,392. An ƙiyasta asarar dukiya a kan dala biliyan 125.

Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, FEMA, ta sha suka saboda jan ƙafa, har shugabanta Michael Brown ya yi murabus makonni biyu bayan bala'in. A wannan yanayi ne mazauna unguwanni suka tashi suka nema wa kansu mafita.

Asibiti a cikin masallaci

Unguwar Algiers tana ƙetaren kogin Mississippi, kuma ambaliyar ba ta cinye ta ba, amma babu wuta, babu magani. A ranar 5 ga watan Satumba, Malik Rahim, tsohon ɗan ƙungiyar Black Panther mai fafutukar 'yancin baƙar fata, ya haɗu da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar Common Ground da jarin dala 50 kacal.

Cikin 'yan kwanaki suka buɗe ƙaramin asibiti a Masallacin Bilal da ke unguwar, inda ma'aikatan lafiya 'yan sa kai suka riƙa duba jama'a kyauta, musamman masu ciwon sukari da hawan jini da maganinsu ya ƙare.

Daga baya dubban 'yan sa kai, akasarinsu ɗalibai, sun yi aikin gayya a ƙarƙashin ƙungiyar, suna kwashe laka da ruɓaɓɓun kaya daga gidaje, suna ɓamɓare bangon da ya yi fumfuna. Sai an yi wannan aiki sannan mai gida zai iya fara gyara.

Irin wannan haɗin kai ba baƙo ba ne a birnin. Tun ƙarni na 19 baƙaƙen fata ke da ƙungiyoyin taimakon juna da suke zuba kuɗi a ciki, domin jinyar mara lafiya da jana'izar mamaci, a zamanin da kamfanonin inshora ke ƙin karɓarsu.

Waɗanda suka fara komawa

A gabashin birnin akwai unguwar Village de l'Est, mazaunin 'yan asalin ƙasar Vietnam da suka yi gudun hijira zuwa Amurka daga 1975. Majami'arsu ta Mary Queen of Vietnam ta daɗe da raba unguwar shiyya shiyya, kowace da jagoranta.

Wannan tsari ya sa limamin majami'ar, Fada Vien Nguyen, ya iya bin sawun mutanensa a sansanonin da aka warwatsa su. A watan Oktoban 2005 sun fara komawa, suna gyara gidaje ɗaya bayan ɗaya. Sun kuma tattara sunayen ɗaruruwan waɗanda suka dawo suka miƙa wa kamfanin wutar lantarki, domin ya ga akwai mutanen da za a maido wa wuta.

Da hukumar birnin ta buɗe bolar zuba ɓaraguzai kusa da unguwar a 2006, matasa da dattawa sun yi zanga-zanga tare da shigar da ƙara, har aka rufe wurin a watan Agustan shekarar.

Unguwar da aka so sharewa

A watan Janairun 2006, kwamitin da magajin gari Ray Nagin ya kafa ya fito da wani tsari da ke nuna unguwannin da za a iya mayar da su filayen shaƙatawa saboda suna cikin kwari. An yi musu alama da koren ɗigo a taswira, kuma Broadmoor na cikinsu.

Ƙungiyar ci gaban unguwar, ƙarƙashin jagorancin LaToya Cantrell, ta ƙi amincewa. Ta nemo mazauna duk inda suke, ta tsara nata shirin sake gini da taimakon jami'ar Harvard. A ƙarshe an yi watsi da shawarar kwamitin, an sake buɗe makarantar unguwar, sannan ɗakin karatunta a 2012. Ita kuwa Cantrell ta zama magajiyar garin a 2018, mace ta farko da ta hau kujerar.

Inda ƙoƙarin jama'a ya tsaya

Sai dai ba kowace unguwa ce ta ga haka ba. A Lower Ninth Ward, inda kusan dukkan mazauna baƙaƙen fata ne kuma fiye da rabinsu suka mallaki gidajensu, ƙarfin ruwa ya tumɓuke gidaje daga tushe. An yi watanni uku kafin a bar mutane su koma su duba abin da ya saura.

Babban cikas shi ne shirin gwamnati na Road Home, wanda ke bai wa mai gida tallafin da bai wuce dala dubu 150 ba. Ana kwatanta darajar gidan kafin guguwar da kuɗin gyaransa, sai a biya wanda ya fi ƙanƙanta. Da yake gidaje a unguwannin baƙaƙen fata ba su da tsada a kasuwa, masu su sun samu kuɗi kaɗan, alhali farashin katako da ladan magini ɗaya ne a ko'ina. An kai ƙara kotu a 2008, aka sasanta a 2011, lokacin da iyalai da dama sun riga sun zauna a wasu biranen.

Ƙidayar 2000 ta nuna mutane kimanin dubu 14 a unguwar. A 2010 ba su kai dubu 3 ba. Birnin baki ɗaya ya sauka daga mutane kimanin dubu 485 a 2000 zuwa dubu 384 a 2020.

Unguwannin da suka fi saurin miƙewa su ne waɗanda ke da ƙungiya da jagoranci tun kafin bala'in, suka kuma yi amfani da haɗin kansu wajen tilasta wa hukuma ta saurare su. Amma akwai aikin da ya fi ƙarfin maƙwabta. Sabbin shingayen da gwamnatin tarayya ta gina a kan dala biliyan 14 da rabi su ne suka hana birnin sake nutsewa lokacin da guguwar Ida ta zo a ranar 29 ga watan Agustan 2021, shekaru 16 cif bayan Katrina.