Ranar Da Muka Ga Giwa A Dajin Mole

Shekara shida ke nan ina zana giwa a allo ina koya wa yara, amma ban taɓa ganinta ba sai a hutun Disamban da ya wuce, sa'ad da maigida ya kai mu ƙasar Gana gaida dangi a Tamale. Da muka huta, sai ya ce mu je dajin Mole yara su buɗe ido.

Mole shi ne gandun namun daji mafi girma a Gana, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971. Daga Tamale tafiyar kamar awa 3 ce a mota, a bi ta Damongo, a wuce Larabanga mai tsohon masallacin ƙasa. Masaukin baƙi yana kan tudu, a ƙarƙashinsa akwai tafki inda dabbobi suke zuwa shan ruwa. Shi ya sa rani ya fi daɗin zuwa: ciyawa ta bushe, ruwa ya ƙafe a daji, tilas su zo tafkin.

Da ƙarfe 7 na safe muka fita a ƙasa, ma'aikacin daji yana gaba da bindiga. Ya gargaɗe mu: ban da surutu, ban da gudu, kada kowa ya wuce gabansa. Ni kuwa na zaci da mun shiga za mu tarar da dabbobi a jere kamar a littafi. Ina! Muka yi rabin awa ba mu ga kome ba sai bishiyoyi. Ƙaramar 'yata ta fara ƙunƙuni, wai an yaudare ta.

Nan mutumin ya tsaya ya koya mana karatun daji. Ya nuna sawu a ƙasa kamar faifai, da reshen da aka karya bai ko bushe ba, da tarin kashi mai ɗumi. Ya debi ƙura ya sake ta don ya ga inda iska take kaɗawa, domin giwa ba ta da ƙarfin gani, amma hancinta ba ya kuskure. Ya ce kada mu nemi dabba sukutum, mu nemi motsin kunne ko wutsiya a cikin ganye. Ba a jima ba yarinyar nan mai ƙunƙuni ita ce ta fara hango mazo a laɓe a gindin kurmi. Daga nan ido ya buɗe, muka ga maraya garke guda, da gwambaza, da gadu yana kiwo a durƙushe.

Muna dab da tafki sai ya ɗaga hannu. Abin da na ɗauka dutse ne sai ya motsa. Giwaye uku! Wallahi ƙafafuna suka yi sanyi, na riƙe yaran gam. Ɗaya ta juyo ta buɗe kunnuwa tana dubanmu. Ɗana ya zabura zai ruga, na danne kafaɗarsa, don an ce gudu shi ke jawo ta. Muka ja da baya a hankali, ita kuwa ta koma ta tsoma hannunta a ruwa tana watsa wa bayanta. Babbar giwa takan ci ganye da ciyawa har kilo 150 a yini. Cikinta wata 22 ne, kuma tsohuwar mace ce take jagorar garken mata da 'ya'ya. Da na ji haka na ce ashe ko a daji uwa ce makaranta.

Sai dai ku kula da gwaggon biri. Muna karyawa a bakin ɗaki, wani ƙato ya fizge burodi daga hannun yarinyar ya haye bishiya. Laifina ne da na bar ta ita kaɗai da abinci. Kada a ba su kome, don da sun saba sai su far wa mutum.

Uwargida, in za ku je, sa wa yara takalmi rufaffe da tufafi marasa haske, ki riƙe ruwan sha da maganin sauro. Ba sai an ƙetare iyaka ba ma, ga Yankari nan a Jihar Bauchi. Ku kuma 'yan makaranta, ku tafi da littafi ku rubuta abin da kuka gani, ku tambayi kakanni sunayensu. Da yawa cikin kakannin nan sun san gwanki da ɓauna a bayan garinsu, yau farauta da saran daji sun kore su. Yaron da ya tsaya gaban giwa da wuya ya yarda a ƙarar da ita. Gani ya kori ji. Allah ya kai mu wani makon lafiya.