Gajiyar likitocin da ke kwana aiki: dabarun rage ta da iyakarsu

Tsakanin ƙarfe 3 da ƙarfe 5 na asuba ne jikin ɗan Adam ya fi neman barci: ido ya yi nauyi, tunani ya rage kaifi. A daidai lokacin ne kuma likitan da ya kwana aiki a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai yake lissafa maganin yaro mai zazzaɓin cizon sauro, ko yake yanke shawarar yi wa mai naƙuda tiyata. A Nijar, inda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ke nuna cewa mutum 10,000 ba su kai ga samun likita ɗaya ba, nauyin daren yana kan mutane ƙalilan, musamman da damina lokacin da gadajen yara ke cika.

Illar wannan gajiya ba a kan likita kaɗai take tsayawa ba. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da hannunsa kan yi rauni kamar na wanda ya ɗan sha giya. A 2004 kuma, masu bincike a birnin Boston na Amurka sun gano cewa manyan kurakuran sabbin likitoci sun ƙaru da kusan kashi 36 cikin 100 idan suna zarce awa 24 a bakin aiki.

Shi ya sa a wasu ƙasashe ake haɗa ma'aikatan lafiya da mai horar da su kan tsarin rayuwa. Ba magani yake rubutawa ba. Yakan zauna da likita su duba yadda yake barci, abin da yake ci da abin da yake sha, su zaɓi ɗabi'a ɗaya ko biyu da zai canza, sannan su riƙa bibiya mako-mako.

Shawarwarin ba su da tsada. Na farko, barcin awa ɗaya da rabi da rana kafin a kama aiki. Na biyu, gyangyaɗin minti 20 cikin dare idan aiki ya lafa, ba fiye da haka ba, don kada a farka da nauyin kai. Na uku, shayi, kofi da goro a sha ko a ci a farkon dare, domin rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan kimanin awa 5. Shayin asuba shi ke cinye barcin hantsi. Na huɗu, abinci mai sauƙi da ruwa isasshe maimakon cika ciki da tsakar dare. Wanda kuma ido ke rufe masa da safe, gara a kai shi gida da ya hau babur da kansa.

Barcin rana a nan yana da nasa cikas: zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ɗaukewar wuta, baƙi, suna da gaisuwar mutuwa. Don haka horon yakan shafi iyali ma: ɗaki mai duhu, waya a kashe, a kuma gaya wa mai sallama cewa likita na barci.

Sai dai dabara tana da iyaka. Bayan mutuwar Libby Zion, wata budurwa mai shekara 18, a wani asibitin New York a 1984, muhawara ta kai Amurka ga ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa awa 80 a mako a 2003. Darasin a fili yake: likita zai iya gyara shayinsa da barcinsa, amma jadawalin aiki, ɗakin hutawa da hutun washegari suna hannun shugabannin asibitoci ne.