Ko Kun Sani? Hasken da ke tona asirin taki a ruwan rijiya

Takin zamanin da manoman Funtua da Malumfashi ke zuba wa masara da auduga, ba duka shuka ke sha ba. Ragowar takan rikiɗe ta zama sinadarin naitaret, ruwan damina ya gangara da shi har cikin rijiyoyi. Ba launi, ba wari, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya, musamman saboda jarirai: yakan hana jininsu ɗaukar iskar oksijin, leɓɓansu su yi shuɗi.

Masana na gwada wata dabara ta gano naitaret a ruwa. Da hasken laza ake sassaƙa fuskar azurfa ko zinariya, ta yi tudu da kwari ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Sai a ɗiga ruwa a kai, a haska. Kowane sinadari da irin hasken da yake mayarwa, ƙarfen kuma ya ninka alamar sau dubbai. Tushen ilimin shi ne binciken C. V. Raman na Indiya, a 1928.

Mai rijiya kusa da gona ko masai, don Allah a gwada ruwan kafin a haɗa wa jariri madara.